Wa Ke Cinye Hantar Ragon Suna?

A Rikoto, da ma ƙasar Zuru baki ɗaya, idan yaro ya kai shekara ɗaya da rabi bai fara takawa ba, masu bayani ba sa ƙarewa. Kakarsa za ta ce nauyin ƙafa gare shi, haka ubansa ya yi. Maƙwabciya ta ce goyo ne ya yi masa yawa, uwar ba ta sauke shi ya motsa jiki. Wani ya ce haƙori ne. Wata ta ce uwar ce ta yi kwanika, ya sha gurɓataccen nono. Wata kuma ta ja uwar gefe ta raɗa mata cewa da sa hannu, a tashi a nemi taimako. A cikin masu bakin nan duka, da wuya ka ga wanda ya ja fatar idon yaron ƙasa, ko ya buɗe tafin hannunsa ya duba ko da jini a jikinsa. Yaron na zaune a tabarma ya ɗashe, ba kuzari, ba ya rarrafe ya bi 'yan uwansa, mu kuwa manya mun kewaye shi muna laƙaba masa lalaci. Jaririn da bai san hagunsa da damansa ba muke kira malalaci. Wannan zalunci ne, kuma ya daɗe yana ci mini rai.

Da yawa daga cikin yaran nan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne ke cin su. Ba duka ba: akwai mai sikila, akwai wanda ya wahala wurin haihuwa har ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, akwai wanda tamowa ta riga ta kwantar. Amma ƙarancin ƙarfe ya fi su yawa nesa ba kusa ba, ya fi su sauƙin karewa, shi ne kuma wanda muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Da ƙarfen nan jiki ke haɗa jan sinadarin jini mai ɗaukar iskar da muka shaƙa ya kai ta kowace gaɓa. Wannan kowa ya taɓa ji. Abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba shi ne aikin da yake yi a cikin ƙwaƙwalwa. Daga watanni ukun ƙarshe na ciki zuwa shekara biyu, jijiyoyin jariri suna lulluɓe kansu da wani kitse da ke sa saƙo ya yi saurin tafiya daga kai zuwa ƙafa da yatsu, kuma ƙwayoyin da ke yin wannan lulluɓi ba sa aiki sai da ƙarfe. Haka sinadaran da ke daidaita motsi da kuzari da sha'awar wasa. Idan ƙarfe ya yi ƙaranci, jiki jini yake fara bai wa, ƙwaƙwalwa ta samu ragowa. Ke nan kafin ido ya ga yaro ya yi fari, ƙwaƙwalwarsa ta jima tana cikin rashi. Wani bincike da aka yi a Ditiroit ta Amurka kan jarirai 'yan wata 9 zuwa 10, aka buga a 2008, ya nuna haka ƙarara: har waɗanda jininsu bai kai ga faɗuwa ba, muddin ƙarfensu ya yi ƙasa, sun kasa takwarorinsu a gwajin motsa jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara a ƙasashe biyar, Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006. Kusan duk lafiyayyen yaro yana zama da kansa kafin ya wuce wata 9 da 'yan kwanaki, yana tafiya ba dafawa kafin ya cika wata 18. Ɗan Gana da ɗan Norwe duk a cikin zango ɗaya suka faɗa. To da wane dalili za a ce ɗan Rikoto ko ɗan Dabai ko ɗan Mahuta shi kaɗai aka halitta da nauyin ƙafa? Idan ma uban haka ya yi, sai a tambaya me aka ciyar da uban yana jariri. A tsibirin Pemba na Zanzibar, inda talauci da sauro ba su da bambanci da namu, masu bincike sun tarar cewa yaran da ba su da ƙarancin jini da ƙarfe sun fi saurin fara tafiya. A lardin Hebei na ƙasar Sin an riƙa ɗiga wa wasu jarirai maganin ƙarfe daga mako 6 zuwa wata 9, aka tarar sun fi waɗanda ba a ba wa ba iya zama da rarrafe da tsayuwa. An buga wannan a 2016.

Wani zai ce to me ye a ciki, ai ko ba daɗe ko ba jima zai taka. Zai taka, gaskiya ne. Abin tsoron shi ne abin da jinkirin ke nunawa. Wata likitar yara Ba'amurkiya, Betsy Lozoff, ta fara bin wasu yara 191 a ƙasar Kosta Rika tun suna tsakanin wata 12 da 23. Waɗanda aka samu da matsanancin ƙarancin ƙarfe an ba su magani, jininsu ya dawo daidai. Da suka kai shekara 5 aka sake gwada su, aka tarar har yanzu suna baya a motsi da fahimta. Sakamakon ya fito a 1991. Ba ta bar su ba, ta bi su har suka zama samari da 'yan mata, giɓin bai rufe ba. A Bangaladash kuma an yi wani babban gwaji da jarirai 3,300 'yan wata 8, aka buga a 2021: maganin ƙarfe na wata uku ya rage ƙarancin jini, amma bai nuna wani ci gaba a fahimta ko motsi ba. Wasu sun karanta wannan sun ce ashe maganin ba shi da amfani. Ni abin da na ɗauka a ciki ya fi haka tayar da hankali: kwalba ɗaya ta magani ba ta biyan bashin da aka fara ci tun yaro na ciki. Duk wanda ya taɓa ginin laka ya san lokacin kwaɓi ake zuba ciyawa, ba a cusa ta bayan bango ya bushe.

Bashin kuwa tun daga cikin uwa ake fara cin sa. Jariri da guzurinsa na ƙarfe yake zuwa duniya, mafi yawansa a watanni ukun ƙarshe na ciki yake tara shi, kuma guzurin nan ne zai riƙe shi wata 4 zuwa 6. Bakwaini da wanda aka haifa ba nauyi nasu guzurin kaɗan ne, da wuri yake ƙarewa, shi ya sa su likita kan fara ba su maganin ƙarfe tun suna 'yan makonni. Yanzu a dubi matar da za ta ba da guzurin. Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. A jiharmu ta Kebbi, kashi 15 cikin 100 kacal na masu ciki ne suka ga ƙwararren ma'aikacin lafiya wurin awo, mafi ƙanƙanta a duk ƙasar nan. Yarinya ce da aka aurar ita ma ba ta gama girma ba, ta yi ciki, ta haihu, ta zubar da jini, kafin ta farfaɗo wani cikin ya shiga. Tana noma, tana surfe, tana ɗebo ruwa, ita ce ƙarshen cin abinci a gidan. Daga ina za ta samo abin da za ta ba ɗan cikinta?

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai ciki ta sha ƙwayar ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 kowace rana har ta haihu. Ita ce jar ƙwayar nan ta ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo, kuma tana cikin magunguna mafi araha a duniya. Amma mata nawa ne ke shanye ta? Wata ta sha kwana biyu ta ga bahayarta ta yi baƙi, ta tsorata ta watsar. Wata ta ji tashin zuciya ta daina. Wata uwar miji ce ta hana, wai yana sa ɗa ya yi ƙato a sha wuya wurin haihuwa. Duk waɗannan magana ce ta minti biyu: baƙin bahaya ba illa ba ne, tashin zuciya kan ragu idan aka sha bayan abincin dare, kuma abin da ke kashe mace wurin haihuwa shi ne ta zubar da jini alhali da ma ba ta da shi. Na sha raka 'yan uwa awo, na ga yadda ake miƙa ƙwayar a ƙulle a leda ba tare da an ɗaga kai an dubi matar ba, balle a yi mata bayani. Na san ma'aikaciya ɗaya ce a gaban dogon layi, na san ta gaji. Amma gajiyarta ba ta rage wa jaririn hasararsa ko kaɗan, kuma waɗanda suka bar ta ita kaɗai a gaban layin nan su ne manyan masu laifi.

Akwai wani wuri da kakanninmu suka yi daidai, ya kamata a faɗa. A haihuwar gida, ungozoma ba ta saba yanke cibiya ba sai mabiyiya ta faɗo. Asibitocin duniya kuwa sun shafe shekaru suna datse ta cikin daƙiƙu, kafin bincike ya nuna kuskure ne. A minti ukun farko bayan haihuwa, jinin da ya kai mililita 80 zuwa 100 yana ƙarasa kwarara daga mabiyiya zuwa jikin jariri. A Suwidin an gwada da jarirai 400, aka buga a 2011: a wata 4, waɗanda aka jinkirta yanke musu cibiya ajiyar ƙarfensu ta fi ta sauran da kashi 45 cikin 100. Da suka kai shekara 4, an ga sun fi iya sarrafa yatsu, musamman maza. An maimaita a Nepal da jarirai 540, aka ga ƙarancin jini ya ragu a wata 8. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya cewa take a jira minti 1 zuwa 3, sai dai in jaririn bai yi numfashi ba ana bukatar ceto shi nan take. Ba kira nake a koma haihuwar gida ba. Jihar Kebbi da binciken 2018 ya nuna kashi 3 cikin 100 ne kawai na haihuwarta ƙwararru suka karɓa ba ta bukatar wanda zai ƙara nesanta mata da asibiti, kuma tsohuwar reza da zubar jini sun kashe mana mata da jarirai ba adadi. Cewa nake, macen da ta yarda ta zo asibiti, kada gaggawar ma'aikaci ta sa ɗanta ya rasa abin da da a ɗakin uwarta ta haihu zai samu. Jiran nan ba ya cin ko kwabo. Duk ɗakin haihuwar da bai mayar da shi ƙa'ida ba, ba shi da uzuri.

Sai wata na shida, inda ɓarnar gidajenmu take. Nonon uwa zalla har wata 6 shi ne daidai, ba ruwa ba dauri, kuma a ci gaba da shi har shekara biyu. Amma nono ƙarfensa kaɗan ne, bai kai rabin miligiram a lita guda ba. Daga wata 7 zuwa shekara, masana abinci sun ƙiyasta yaro na bukatar miligiram 11 a abincinsa kowace rana, fiye da miligiram 8 da ƙaton namiji ke bukata. A sake karanta wannan: jariri ɗan wata 8 ya fi ubansa bukatar ƙarfe. Me muke ba shi? Koko. Kamun gero ko na dawa da aka tace aka sake tacewa, aka dama shi tsararo don ya bi ta makogwaro, aka zuba sukari. Cikinsa ɗan mitsitsi ya cika da ruwa da gasara, ya yi barci, mu ce ya ƙoshi. Gero da dawa suna da ƙarfe, amma irin wanda hanji ke wahalar tsotsa, kuma akwai wani sinadari a cikin hatsin da ke riƙe shi. Ƙarfen nama da kifi da hanta ya fi shi shiga jiki ninkin ba ninki. Binciken 2018 ya ce kashi 11 cikin 100 ne kawai na yaran Nijeriya 'yan wata 6 zuwa 23 ke samun abincin da ya kai mafi ƙarancin ƙa'ida.

A nan nake so in yi magana da maza, domin mu ne masu riƙe da wuƙa. Ranar suna an yanka rago. Tun kafin a gama fiɗa an ciro hanta da ƙoda da saifa an ɗora a wuta, mahauci ya ɗanɗana, an kai wa maigida da abokansa a zaure. Mai jego, wadda ta zubar da jini kwana bakwai da suka wuce, da yayan jaririn da aka yaye wanda ke jan gindi a tsakar gida, su sai abin da ya rage. Ko Sallah ce ko Kirsimeti ko bikin Uhola, rabon bai canja ba: tsoka da kayan ciki a kwanon babba, romo da ƙashi a kwanon yara. Hanta na cikin abincin da suka fi kowane ƙarfe, kuma ita ce mafi laushin da za a iya dafawa a murƙushe wa mai haƙori biyu. Ɗan yanki kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako, ya ishe shi. Mu muke cinye ta, mu da muka gama girma. Da yamma mutum zai tsaya wurin mai tsire, da safe a soya masa ƙwai wurin mai shayi, ya dawo gida ya ce ai yaro ba a saba masa da nama, wai zai yi kwaɗayi, wai ƙwai na sa yaro sata. Ban taɓa jin ƙaryar da ta fi wannan son kai ba. Wanda ya ƙirƙiro ta nama yake so ya ci shi kaɗai.

Abin ya fi ciwo a ƙasa irin tamu. A al'adar Dakarkari saurayi kan yi shekaru yana noman golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata. Mutumin da ya iya wannan juriya don ya samu mace, me zai sa ya kasa ware mata ƙwai da busasshen kifi tana ɗauke da ɗansa? Duk Nijeriya ta san Zuru da sojoji da manoma masu ƙarfi, kuma muna alfahari da hakan a kowane taro. Ƙarfin nan a jarirta ake gina shi.

Iyayenmu mata ma akwai nasu. Shayin da ake ɗura wa yaro tare da burodi yana hana hanji tsotsar ƙarfe. Madarar shanu ƙarfenta kaɗan ne ƙwarai, kuma ɗanyarta kan sa hanjin jariri ya riƙa tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan wanda ido ba ya gani. Gyaran kuma ba sai an je kanti ba. A dama kunu da kauri. A daka busasshen kifi ya yi laushi a zuba. A haɗa wake ko waken suya ko gyaɗa da garin zogale. Jiƙa hatsi ya yi tsami, ko barin sa ya tsiro kafin niƙa, yana sassauta sinadarin da ke riƙe ƙarfe. Lemon zaƙi da gwaiba da tumatir da garin 'ya'yan kuka suna taimaka wa hanji ya tsotsa. Wa ya taɓa tara matan unguwa ya nuna musu wannan da tukunya a kan murhu? Allunan tallar maganin basir da na ƙarin kuzari sun cika gari, motocin masu magani da lasifika ba sa fashin kasuwa, amma maganar kunun jariri ba mai ɗaga murya a kanta.

Na san za a ce talauci, kuma ba zan yi kamar ban gani ba. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Danko/Wasagu da Sakaba da Fakai, sun kore shanu, sun hana noma, iyalai sun kwararo cikin Zuru ba su da ko kaza. Matar da ta gudo da goyo daga yankin Bena ko Dirin Daji, tana kwana a gidan aro, ba za ka yi mata wa'azin hanta ba. Ita haƙƙinta na wuyan hukuma kai tsaye. Don haka bari in juya ga hukuma.

A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi a watan Nuwamba na 2015. A 2016 aka fito da shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi. A 2017 aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa a Argungu. Aka yi ta kiran jiharmu rumbun abincin ƙasa. A daidai wannan lokaci binciken 2018 ya fito ya ce kashi 66 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, babu jihar da ta kai mu. Biyu cikin kowane yara uku. A faɗin ƙasa kuma kashi 68 cikin 100 na yara suna da ƙarancin jini. Da a ce kashi 66 cikin 100 na gonakin shinkafar jihar ne suka lalace, da an kafa kwamiti a ranar, da an tashi Abuja tsaye. Da yake yara ne, an yi shiru. Yau ƙungiyar likitoci ta MSF ce ke kwantar da yaranmu masu tamowa a Maiyama. Mun gode musu, amma abin kunya ne a gare mu. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci. Mai goyo da ke Rikoto tana da ikon tambaya: daga kuɗin nan, ina na'urar gwajin jinin ɗana? 'Yar ƙaramar na'ura ce, ɗigon jini ɗaya daga yatsa, cikin minti guda an san matsayinsa. Yaro na zuwa rigakafi a wata 9, yana hannun ma'aikaci. Me ya hana a duba jininsa a ranar, a tambayi uwar ko ya fara zama, ko yana rarrafe?

Kada kuma kowa ya karanta wannan ya ruga kyamis ya sayo maganin ƙarin jini ya fara ɗura wa jariri. Akwai haɗari, kuma haɗarin ya shafe mu fiye da kowa. A Pemba an yi gwaji da yara sama da 24,000, aka dakatar da shi kafin lokaci, domin waɗanda aka ba ƙarfe ba tare da kariya daga zazzaɓin cizon sauro ba sun fi sauran kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 12 cikin 100. An buga sakamakon a 2006. Ƙwayar cutar ita ma ƙarfe take so. Kebbi kuwa ita ce ta zo kan gaba a ƙasar nan wurin wannan zazzaɓi a gwaje-gwaje biyu: kashi 52 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a 2018 suna ɗauke da shi, kashi 49 a 2021. Zazzaɓin na fasa ƙwayoyin jini, kuma muddin yaro na cikin ciwo jikinsa kan toshe hanyar tsotsar ƙarfe daga abinci. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce a wuraren da ƙarancin jini ya kai kashi 40 cikin 100 a ba yara 'yan wata 6 zuwa 23 ƙarfe miligiram 10 zuwa 12.5 kullum na wata uku a shekara, amma inda ake da sauro sai an haɗa da rigakafi da gwaji da maganin zazzaɓi. Ke nan aikin hukuma ne mai tsari, ba na mai kyamis ba. Gidan sauro, da maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara, da allurar rigakafin zazzaɓin da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, duk ɓangare ne na kare jinin yaro. Uban da ya kori masu rabon maganin damina daga ƙofar gidansa, ko ya mayar da gidan sauro shingen lambu, da hannunsa ya rage wa ɗansa jini. Mai sikila kuma ƙarancin jininsa daban ne, ba a ba shi ƙarfe sai likita ya gwada ya ce. Kwalbar maganin nan da ƙwayoyin awo a ɓoye su, yaro in ya shanye da yawa suna iya kashe shi.

Akwai kuma gubar dalma, wadda ba ta da nisa da mu. Yaron da ƙarfe ya yi wa ƙaranci yakan yi marmarin cin ƙasa, kuma hanjinsa ya fi na lafiyayye tsotsar dalma. A 2010 gubar nan ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum a Zamfara, maƙwabtanmu. Duk inda ake daka dutsen zinariya a tsakar gida, yaro mai ƙarancin ƙarfe ne farkon wanda za ta kama.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Zuru su tabbatar ƙwayar awo ba ta yankewa a kowane ƙaramin asibiti, a ɗauki ma'aikatan da za su samu sararin yi wa mace bayani, a sa gwajin jini a ranar rigakafin wata 9, a kai wa 'yan gudun hijira garin sinadaran da ake barbaɗawa a abincin jarirai. Limamai a huɗubar Juma'a da fastoci a wa'azin Lahadi su gaya wa maza cewa ciyarwar da aka ɗora musu ba ta tsaya ga buhun dawa ba. Masu unguwanni da hakimai su sa baki kamar yadda suka sa a yaƙi da shan inna, mun ga abin da bakinsu ya iya yi.

Ke kuma 'yar uwa mai goyo, idan ɗanki ya wuce wata 9 bai zauna da kansa ba, ko ya cika wata 18 bai taka ba, ko kin ga tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, kada ki saurari mai cewa gado ne. Ɗauke shi ki kai asibiti ki ce a gwada jininsa da zazzaɓi. Kai kuma maigida, ka ba da kuɗin mota, ka bi su.